Katin tunani: yadda za ka yi wa kanka hisabi da hotuna ba tare da ka faɗa duba ba

Duk mai riƙe da babbar waya a Kano, in dai yana leƙa TikTok ko Instagram, da wuya bai taɓa cin karo da irin bidiyon nan ba: hannu yana jera wasu katuna masu zane a kan tebur, murya tana cewa ka zaɓi ɗaya, wai saƙonka yana ciki. Katunan tarot ke nan, da 'yan'uwansu da ake kira orakul. Akwai matasanmu da suka fara sha'awarsu, in ka yi musu magana sai su ce su ba duba suke yi ba, hanya ce kawai ta sauraren zuciyarsu. Ban raina wannan buƙata ba ko kaɗan. Garin nan cike yake da hayaniya, daga ƙarar adaidaita sahu zuwa hidimar biki da suna da ba ta ƙarewa, mutum sai ya yi wata guda cur bai zauna ya tambayi kansa halin da yake ciki ba. Abin da nake so mu yi shi ne mu tsame abin da ke da amfani cikin wannan al'ada, mu bar abin da zai cuci imaninmu, mu haɗa namu katin tunani da hannunmu: hoto ɗaya da tambaya ɗaya a ƙasansa. Kati bai san komai ba. Iyakar abin da zai iya shi ne ya jefo maka tambaya, amsa kuwa tana wurinka.

Daga ina katunan suka fito

Wanda ya san tarihin tarot ba zai ƙara ganin kwarjininsa ba. Karta ta shiga Turai wajajen 1370, kuma masana tarihi sun fi karkata ga cewa daga Masar ta zo, zamanin daular Mamalik. Har yanzu akwai tsohuwar kartar Mamalik a ajiye a fadar Topkapi da ke Istanbul, mai gida huɗu: kofuna, sulalla, takubba da sandunan ƙwallon dawaki. Babu hoton mutum ko ɗaya a jikinta, ado ne kawai da rubutu. Wajajen 1440 ne masu sarauta da attajiran arewacin Italiya, a birane irin su Milan da Ferrara, suka ƙara mata wasu katuna masu hotuna, aka sami tarot. Karta ce ta wasa, kuma har gobe ana buga ta a Faransa da Ostiriya ba tare da wani ya ce tana faɗar gobe ba.

Sai a ƙarni na 18 duba ya shigo ciki. A 1781 wani Bafaranshe mai suna Antoine Court de Gébelin ya rubuta cewa wai katunan ɓoyayyen ilimin bokayen tsohuwar Masar ne. Ba shi da hujja, domin a lokacin babu ma wanda ya iya karanta rubutun Fir'aunoni, sai a 1822 aka warware shi, kuma ba a tarar da tarot a ciki ba. Duk da haka maganar ta karɓu, wani ɗan ƙasarsa da ake wa laƙabi da Etteilla ya mayar da duba da kati sana'a. Tarot ɗin da aka fi gani a bidiyo yanzu an buga shi ne a Landan a 1909, Pamela Colman Smith ce ta zana hotunan bisa tsarin Arthur Edward Waite. Kati 78 ne: manya 22, ƙanana 56 da aka kasa gida huɗu, kowane gida 14. Shi kuwa orakul ba shi da ƙa'ida. Kowa na iya tsara nasa da adadin da ya ga dama, galibi hoto ne da kalma ɗaya ko gajeriyar jimla a ƙasa.

Iyakar da ba a tsallakawa

A nan ba zan yi kwana-kwana ba. Tambayar kati abin da zai faru gobe, ko wanda za ki aura, ko wanda ya yi maka asiri, duba ne, ba shi da maraba da bugun ƙasa ko watsa wuri. Aya ta 65 cikin Suratun Namli ta tabbatar da cewa babu wanda ya san gaibu a sammai da ƙasa sai Allah. A hadisin da Imamu Muslim ya ruwaito, Annabi, Sallallahu alaihi wa sallam, ya ce wanda ya je wa ɗan duba ya tambaye shi wani abu, ba za a karɓi sallarsa ba ta dare arba'in. Kasancewar ɗan duban yana cikin waya, yana Turanci, ɗakinsa tsaf da kyandir, bai canza hukuncin ba.

Akwai tarko na biyu da ya fi na farko ɓuya. Larabawan jahiliyya suna da kibau da suke zarowa in za su yi tafiya ko aure, wata ta ce a yi, wata ta ce a bari. Alƙur'ani ya haramta waɗannan kiban ƙuri'a a aya ta 3 da ta 90 cikin Suratul Ma'ida. Saboda haka duk ranar da ka ce "in kati kaza ya fito zan karɓi aikin, in bai fito ba na fasa", ka koma ga kibau, ko da kai ka zana katin da hannunka. Mai neman zaɓi yana da istihara, yana da shawarar na gaba da shi. Haka nan camfi: ganin wani hoto ya fito sai gabanka ya faɗi ka ce ranar ba ta da sa'a, shi ma an hana.

Ra'ayina game da katunan tarot ɗin kansu shi ne Musulmi ya bar su. Cikin manyan nan 22 akwai hoton Shaiɗan, akwai na Fafaroma, akwai masu tsiraici, akwai surar mala'ika yana busa ƙaho. Ga shi kuma duk littafin da ke biye da su fassarar duba yake koyarwa, mutum zai fara da "tunani kawai nake yi", sannu a hankali ya tsinci kansa yana jiran kati ya ba shi labari. Dabarar da ke cikinsu ce abin ɗauka, ita kuwa ba ta buƙatar su. In zuciyarka ba ta natsu ba ko da hanyar da zan kawo, ka kai wa malaminka katunan ya gani da idonsa kafin ka fara.

Me ya sa hoto yake buɗe bakin zuciya

In aka tambaye ka kai tsaye "me ke damunka?", amsar da ta saba fitowa ita ce "ba komai, alhamdulillahi". Haka aka tarbiyyantar da mu, kunya da kawaici sun hana mu faɗa ko da wa kanmu ne. Amma in aka ajiye maka hoton rijiya da guga a gefe aka ce ka faɗi abin da kake gani, sai wani ya ce rijiyar ta ƙafe, wani ya ce ruwa na nan igiya ce ta gaza, wata ta ce kowa ɗiba yake ba mai yashe ta. Hoto ɗaya ne, kowa halinsa ya zuba a ciki. Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da lura da haka. A 1935 Christiana Morgan da Henry Murray na jami'ar Harvard a Amurka suka fito da wani gwaji da ake nuna wa mutum hotuna marasa bayani a ce ya ƙirƙiro labarinsu, domin a ji abin da ke cin ransa.

Wannan dalilin ne kuma ya sa masu duba suke kama da masu gaskiya. A 1948 wani malamin jami'a, Bertram Forer, ya raba wa ɗalibansa takarda ya ce bayanin halin kowannensu ne shi kaɗai. Suka auna dacewarta da su, makin da suka ba ta ya haura 4 cikin 5. Ashe takarda iri ɗaya ya ba kowa, jimlolin ma daga wani littafin taurari ya tsinto su. Idan mai bidiyo ta ce "akwai wanda kike kyautata wa bai san darajarki ba", wace mace ce a Kano ba za ta ce da ita ake ba? Ki riƙe wannan a ranki, zai kare miki imaninki da kuɗinki.

Shi kuwa zama a binciki kai, namu ne tun asali. An ruwaito daga Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, cewa ku yi wa kanku hisabi kafin a yi muku. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kwatanta abin da ɗan kasuwa da abokin cinikinsa: da safe a gindaya sharaɗi, da rana a sa ido, da yamma a zauna a yi lissafin riba da faɗuwa. Duk wanda ya ga yadda ake rufe shago a Kantin Kwari ya san abin da ake nufi. Katin tunani kayan aikin wannan zaman lissafi ne, ba wani abu ba.

Mataki na farko: rubuta sharuɗɗanka

Ka sami littafin rubutu sabo wanda ba za ka haɗa shi da komai ba. A shafin farko ka rubuta da hannunka cewa ba za ka tambayi kati gaibu ba, ba za ka yanke hukunci da shi ba, ba za ka binciki zuciyar wani da shi ba, kuma ba za ka karɓi kuɗi ka yi wa wani ba. Kada ka raina wannan shafi. Ranar da kake cikin ruɗani, ranar ce za ka so kati ya yanke maka, ranar ce kuma za ka buƙaci ganin rubutun nan.

Mataki na biyu: haɗa katunanka

Nan ne aikin yake, nan ne kuma daɗin yake. Ka sayi farin kwali mai kauri a wurin masu sayar da kayan rubutu, akwai su birjik a kasuwar Sabon Gari. In ka yanka kwali mai girman takardar A4 gida takwas, kowane yanki zai zauna a tafin hannu, kwali huɗu sun ba ka kati 32. Wannan adadin ya isa. Bayan katunan ya zama iri ɗaya, fari fes. A gaba ka zana hoto ɗaya da biro ko maka, ko ka ɗauki hoton abin da wayarka a buga maka a shagon kwamfuta. Ba gwanintar zane ake nema ba. Na fi son hotunan abubuwa marasa rai, domin sun kauce wa saɓanin malamai a kan surar mai rai, sannan fuskar mutum tana ƙuntata tunani, tana sa ka tuna mutum ɗaya kawai.

Daga tarot za mu ari tsari ɗaya: kasa katuna gida huɗu don kada tunani ya tare a ɓangare guda na rayuwa. Namu gidajen su ne zuciya, nema, zumunci da ibada, kowanne kati takwas. A ƙasan kowane hoto ka rubuta tambaya ɗaya gajeriya.

A gidan zuciya za ka iya sa randa, da tambayar "me ke sanyaya mini rai, yaushe rabona da shi?" Ka sa murhu: "wace wuta nake ta iza wa itace?" Ka sa hazon hunturu: "me nake gani dishi-dishi amma nake magana a kansa kamar na tabbata?" Kududdufi ma yana da wurinsa: "me ya daɗe kwance a raina har ya fara wari?"

A gidan nema akwai tiya, wadda ake auna hatsi da ita a Dawanau: "da wane ma'auni nake auna wa mutane, da wanne nake so a auna mini?" Akwai rumbu, akwai asusu, akwai shataletale: "a ina nake ta zagaye ban fita ba?" Akwai kwaɗo da makulli.

A gidan zumunci soro ne kan gaba: "wa nake tsayarwa a soro, wa nake shigarwa cikin gida?" Sai tabarma, sai tsintsiya, sai badala: "katangar da na gina tana kare ni ne ko ta kulle ni?" Katin da na fi ƙauna a wannan gida shi ne karofin marinar Ƙofar Mata. Marini yana tsoma farin yadi a cikin ruwan baba ya ɗaga, ya sake tsomawa, da farko ya fito kore-kore, iska na bugunsa ya rikiɗe shuɗi, kowane tsomi yana ƙara masa duhu. Tambayar katin ita ce "a cikin wane baba nake tsoma kaina kullum?" Majalisar da kake zama, zauren WhatsApp da kike kwana a ciki, duk za su faɗo maka a rai da ganin wannan kati.

A gidan ibada ka sa allo, buta, carbi, fitila, matattakalar Dutsen Dala. Ka sa makara ma, kada ka ji tsoro: "wane haƙƙi ne a kaina da ba na so in tafi da shi?" Fitowarta ba ta nufin wani zai mutu, tunatarwa ce irin wadda muke samu duk sanda muka raka gawa.

Waɗannan misalai ne, ka cike sauran da abin da ke cikin rayuwarka. Tela zai so almakashi, malamar makaranta za ta so alli, mai adaidaita zai so danja. In ka gama, a yi maka lamineshin don kada gumi da ƙura su cinye su, ka sa su cikin 'yar jaka. Kada ka naɗe su a wani ƙyalle na musamman, kada ka yi musu turare, kada ka ce ba mai taɓawa. Da zarar an fara girmama kwali, an fara kauce hanya.

Mataki na uku: lokaci da wuri

Minti 15 zuwa 20 sun wadatar. Lokuta biyu sun fi dacewa da rayuwar Kano: bayan sallar asuba da azkar kafin gari ya waye sosai, ko bayan isha'i in yara sun kwanta. Ga uwargida, hantsi bayan an tafi makaranta da kasuwa ya fi. Waya ta zauna a wani ɗakin. Wanda ke gidan haya ko ɗakin samari da babu sirri, ya zaɓi katinsa tun a gida ya riƙe tambayar a ka, ya yi rubutun a inda ya sami sarari. Kafin ka taɓa kati ka yi bisimilla, ka ja numfashi a hankali sau biyar, ka lura da jikinka: kafaɗa a ɗaure take, ciki a cushe, kai yana sarawa? Ka rubuta abin da ka ji a layi ɗaya.

Mataki na huɗu: gyara tambayarka

Za ka iya zama ba tare da wata matsala a rai ba, tambayar katin ta ishe ka. Amma in da abin da ya kawo ka, sai an gyara shi tukuna. Gwajin mai sauƙi ne: duk tambayar da amsarta ke wurin Allah kaɗai ko a zuciyar wani, ba ta shiga. "Zan sami aikin nan?" gaibu ce. A mayar da ita "me na shirya, me na bari ban shirya ba?" "Yana sona da gaske?" binciken zuciyar wani ce. A mayar da ita "me na gani da idona a halinsa, me kuma nake ƙin gani?" "Wa ya sa min hannu a kasuwa?" ita ce mafi haɗari, ta raba zumunci ba adadi a garin nan. A mayar da ita "me ya canza a yadda nake tafiyar da shagon cikin wata shida?" Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, tambaya mai kyau ita ce wadda ta mayar da kai cikin ɗakin.

Mataki na biyar: ɗauko kati, ka dube shi sau uku

Hanya biyu ce. Ko ka kife su ka cakuɗa ka zaro ɗaya, ko ka baje su a buɗe ka zaɓa. Amfanin zarowa a kife shi ne yana kawo maka tambayar da da kanka ba za ka zaɓa ba, kuma ka sani sarai dacewa ce kawai, ba saƙo ba ne daga ko'ina. Wanda yake jin zarowar tana masa kama da ƙuri'a ya bar ta, ya baje su a buɗe. A nan ga dabara: kada ka ɗauki wanda ya burge ka, ɗauki wanda idonka ke gudu. Galibi a nan maganar take.

Duban farko na ido ne zalla. Ka faɗi abin da ke jikin katin kamar kana bayyana wa wanda ba ya gani: kwaɗo ne, a rufe, babu makulli kusa. Duba na biyu na zuciya ne: me ka ji? Ka nemi sunan abin daidai, domin "ba daɗi" ba suna ba ne. Haushi ne, ko kunya, ko hassada, ko kewa, ko tsoro? Mutane da yawa a nan suke gano cewa abin da suke kira fushi tsoro ne. Duba na uku shi ne ka karanta tambayar ka haɗa ta da rayuwarka ta wannan makon, ba ta shekara goma da suka wuce ba. In katin bai taɓa ka ba sam, ka rubuta haka ka tashi. Kada ka yi ta zarowa har sai wanda kake so ya fito.

Mataki na shida: rubuta, sannan ka fitar da aiki ɗaya

Ka yi rubutu na minti goma ba tsayawa, da Hausa ko ajami ko duk abin da hannunka ya fi sakewa da shi, ba ruwanka da kyan rubutu. A 1986 James Pennebaker da abokiyar aikinsa suka sa ɗalibai rubuta abin da ke damunsu na minti 15 kwana huɗu a jere, aka ga zuwansu asibitin makaranta ya ragu a watannin da suka biyo baya. Binciken da aka yi daga baya ya nuna amfanin matsakaici ne, ba magani ba ne, amma yana nan. Tunanin da ba a rubuta ba yakan yi ta juyawa wuri ɗaya.

Ka rufe da layi ɗaya da ya fara da "yau zan", ko "gobe zan" in da dare ne. Aikin ya zama ƙarami wanda za a iya gani: zan kira Yaya in gaishe shi, zan biya mai kanti dubu biyu daga bashinsa, zan kwanta ƙarfe goma. "Zan gyara halina" ba aiki ba ne, buri ne. In abin da ya fito laifi ne tsakaninka da Allah, istigfari da tuba. In haƙƙin mutum ne, sai an nemi mai shi.

Mataki na bakwai: shimfiɗar kati uku

Sai ka yi kamar mako biyu da kati ɗaya kafin ka zo nan. Masu tarot suna jera uku su ce jiya, yau da gobe. Mu gobe ba tamu ba ce, don haka guraben namu su ne: abin da ya faru, abin da ke hannuna, abin da ba ya hannuna.

A ce kai yaron shago ne a Kwari, ka shekara bakwai tare da maigidanka, maganar sallama shiru, zuciyarka ta fara ƙuna. Gurbin farko tiya ta fito. Sai ka rubuta gaskiyar lissafi: me aka yi alkawari, da baki ne ko a gaban shaidu, me ya yi maka a tsawon shekarun, me kai ma ka gaza. Gurbi na biyu soro ya fito. Wa kake tsayarwa a waje? Wataƙila ka tarar ka faɗa wa duk 'yan layinku damuwarka, amma shi Alhajin ba ka taɓa zama da shi ba, ba ka kuma nemi babban da ya kawo ka wurinsa ya shiga maganar ba. Wannan yana hannunka. Gurbi na uku hazo ya fito: ba ka san halin da jarinsa yake ciki ba, ba ka san abin da ke ransa ba, kana ta fassara shirunsa. Wannan sai addu'a da tawakkali. Aikin da zai fito daga zaman shi ne ka je ka gaida Kawu ka roƙe shi ya nema maka lokaci wurin Alhaji. Da wasu katunan ne suka fito, da ta wata ƙofar za ka shiga, amma gidan da za ka tarar ɗaya ne, domin damuwar taka ce.

Yin sa tare da wani

Ana iya yi da aminiya, ko miji da mata, ko uwa da 'yarta budurwa, kuma yana buɗe hirar da kunya ta hana. Doka ɗaya ce: mai kati shi ke magana, na gefe tambaya kawai yake yi. In ƙanwa ta zaro randa, yayar ba za ta ce "wannan yana nufin mijinki zai huce" ba. Cewa za ta yi, "Ƙanwata, me kika gani a nan?" In ta ce, "Wallahi Yaya, randar a bushe na gan ta," sai a ce, "Tun yaushe?" a yi shiru a saurara. Abin da aka faɗa a zaman amana ne. Manya a gida kuma, in sun ga katuna za su zaci karta ce ko duba, kuma suna da dalilin zargi. Kada a ɓoye musu. A miƙa wa Hajiya ko Baba su karanta tambayoyin da kansu.

Bita, da lokacin da ya kamata a ajiye

Ƙarshen kowane wata ka karanta littafin daga farko. Ka ja layi ƙarƙashin sunan da ya fi maimaituwa, da damuwar da ta fi dawowa, ka ƙirga ayyukan "yau zan" nawa ka cika. Wannan bitar ta fi kowane zama ɗaya amfani, domin a nan hali yake bayyana: sai ka ga duk faɗan da kuka yi a gida ranar da ka kwana kana latsa waya ne, ko duk ƙuncinki yana biyo bayan zuwa wani gida ne. Katin da tambayarsa ta daina motsa ka, cire shi ka zana sabo.

Akwai alamun da in ka gan su sai ka tattara katunan ka ajiye. In ka fara jin ba za ka iya fita ba sai ka zaro kati, ko kana zarowa sau da yawa a yini don samun natsuwa, waswasi ya shigo. In ka fara cewa "katin ya faɗa min", koma shafin farko. In kuma zaman yana tono maka wani tsohon ciwo, kamar cin zarafi ko rashin da bai warke ba, har ka kasa barci, kada ka ci gaba kai kaɗai. Baƙin cikin da ya wuce mako biyu, da daina jin daɗin komai, da rashin ci ko barci, ballantana tunanin kashe kai, ciwo ne da likita ke dubawa, ba rauni ne na imani ba. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana da sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau. Ka gaya wa wani na jikinka ya raka ka, ka tafi da littafin, domin abin da ka rubuta zai taimaka wa likita ya san tun yaushe abin ya fara da yadda yake tafiya.